Filin Wasanni: Harbin Dabbobin Ƙarfe

Jama'a, a ƙasar Meksiko aka ƙago wannan wasa. Da can dabbobi masu rai ake ɗaurewa a harba, sai a 1948 aka musanya su da na ƙarfe. A Amurka, masu ƙaramar bindiga mai lamba .22 kan jera kaji a mita 40, aladu a 60, talotalo a 77, raguna a 100. A tsaye ake harbi, ba jingina. Harsashin bai kai giram 3 ba, saboda haka iska kaɗan ta isa ta kautar da shi. Kuma ko an sami ƙarfen, ba maki sai ya faɗi. Ashe ana iya gwada gwani ba tare da an zub da jinin dabba ba. Sai mako mai zuwa.