Martani: mai ciki ba shagwaɓa take yi ba

Marubucin da ya ce matan Tawa masu kukan mugun mafarki a lokacin ciki shagwaɓa ce ke damunsu ya yi kuskure babba. Wai iyayenmu sun haihu ba su koka ba. Kunya ce ta rufe musu baki, musamman a cikin fari.

Ya leƙa Kalfu ko Barmu bayan girbi. Maza sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya. Mace mai cikin wata bakwai na kwance a gidan surukai, fitsari da motsin ɗa suna tashe ta cikin dare, shi ya sa take tuna mafarkinta tiryan-tiryan. Wannan ba cuta ba ne. Amma idan mafarkin mutuwa ya nace, ga kuka, ga ƙin abinci, damuwa ce mai neman magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki suna fama da irin wannan larura.

Tun 2006 awon ciki kyauta ne a Nijar. Ungozomar da ke auna hawan jini ta riƙa tambaya: "Yaya barci?"