Babbar motar lantarki: mu auna ta da hanyar gida kafin mu biya kuɗi



Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hirar mota ta canza a majalisunmu, daga Agege zuwa Idi-Araba har Obalende. Da can musun Highlander da Pilot ake yi. Yanzu duk magidancin da Allah ya buɗa wa, mai yara biyar ko shida, sai ka ji ya ce shi fa motar lantarki zai saya, babba mai kujera bakwai, ya huta da gidan mai. Nan take a zaro waya a fara jera su: ga Kia EV9, ga Hyundai Ioniq 9, ga Volvo EX90, ga Tesla Model X mai ƙofa kamar fiffike, ga BYD Tang ta China. A gwada faɗin allo, a gwada wadda ta fi saurin tashi, a gwada wadda kujerarta ke yi wa mutum tausa.

Mu dai mun gaji da wannan gwajin, domin ma'aunin aro ne. Masu bidiyon da muke kallo suna zaune ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, inda tashar caji take bakin kowace babbar hanya. Motar iyalin Bahaushen Legas kuwa aiki biyu gare ta. Tana kai yara makaranta, ta kai maigida kasuwa. Sannan rana ɗaya a bugo waya da asuba a ce jikin Hajiya ya yi tsanani, ko an yi rasuwa, ko Sallah ta gabato, a kwashi kowa da kowa a kama hanyar Kano ko Sakkwato ko Katsina. Duk gwajin da ya manta da aiki na biyun nan, bai san mu ba.

Mu fara da ba motocin haƙƙinsu, don kada a ce ƙiyayya ce. EV9 mai babban batir tana ɗaukar kilowat-awa 99.8, kuma a gwajin Turai tana iya kaiwa kilomita 563 kafin ta nemi caji. Ioniq 9 ta ɗara ta, batirinta 110.3, a takarda har kilomita 620. A caja mai ƙarfi, EV9 kan tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin kusan minti 24. Babu canjin baƙin mai, babu fulogi, kuma a cunkoson gadar Third Mainland ba ta ƙona komai sai abin da na'urar sanyi ta ci. A cikin gari, mota ce ta gaske.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Alƙaluman takarda ba a yi su da mutum bakwai, da buhun kaya, da sanyi a ƙure, da gudun babbar hanya ba. Wanda ya loda EV9 irin lodinmu, kada ya sa ran fiye da kilomita 400. Daga Legas zuwa Kano kuwa ya haura kilomita 1,000. Ke nan idan ya bi ta Ibadan da Akure, ko Lokoja bai kai ba batir ya ƙare. A ina zai yi caji? Tashoshin da ake da su sun taru ne a Legas da Abuja. Waɗanda hukumar NADDC ta fara buɗewa a 2021, a zamanin Jelani Aliyu, cikin jami'o'i suke, irin su jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato da jami'ar Legas. Dukkanmu mun san wuraren da ba a son mota ta tsaya bayan magariba a wannan hanya. Mai motar fetur idan mai ya yanke masa, ɗan bumburutu zai cece shi da galan ɗaya. Mai lantarki ba a kawo masa wuta a jarka.

A ce ma ya isa gida lafiya. Mun manta watan Oktoban 2024, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe sama da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta? Wanda ya je gida da motar lantarki a makon nan, sai dai ya rufe ta da tamfol ya nemi motar haya.

Maganar caji a gida ma ana yi mata kwaskwarima. Soket irin na bangon ɗaki bai wuce kilowat 3 ba, wato cika batirin EV9 daga ƙasa zai ci sama da awa 30. Idan an kafa cajar bango mai kilowat 7, kusan awa 15. Wannan ga mai gidan kansa ke nan, mai get da wurin ajiye mota. Mu nawa ne muke haya a bene, motarmu na kwana a bakin titi? Wane mai gida ne zai yarda a ja masa wannan lodin a kan wayoyin da aka sa tun zamanin NEPA?

Yanzu mu zo kan kuɗi, tunda don su aka fara zancen. A watan Afrilun 2024 aka kai wutar rukunin Band A naira 225 kowane kilowat-awa, daga baya ta dawo wajen naira 209. Cika batirin EV9 ya kama kusan naira 21,000 ke nan, a yi tafiyar kilomita 400. Tsohuwar jif mai silinda shida da ke yin kilomita 8 a lita za ta sha lita 50 a wannan tafiya. Mu ɗauka lita tana naira 900, kuɗin ya zama 45,000. A nan dillali yake tsayawa, yana murmushi. Abin da ba ya faɗi shi ne akwai mota ta uku a tsakani, wato haibirid, mai haɗa injin fetur da ƙaramin batir da ke cajin kansa. Highlander haibirid na yin kusan kilomita 15 a lita a gwajin Amurka, kuma Sienna tun daga ƙirar 2021 duk haibirid ce. Mu rage mata zuwa 13 saboda hanyarmu: lita 31, kusan naira 28,000. Ratar da ke tsakaninta da lantarki naira 7,000 ce a kowane kilomita 400. Mai yin kilomita 20,000 a shekara ya tsira da naira 350,000. A kan wannan ne za a ƙara miliyoyi wajen saye, a kuma sarayar da hanyar gida?

Idan kuwa da janareto za a yi cajin, lissafin ya kife gaba ɗaya. Janareton dizal na ba da kusan kilowat-awa 3 a lita, wato sama da lita 33 kafin batir ya cika. An gudu daga gidan mai, an dawo ta bayan gida da jarka.

Akwai kuma tarkon da ba a gani sai an biya kuɗi. Bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motocin Amurka da nasu, CCS1 ko kuma na Tesla, na Turai CCS2, na cikin China GB/T. Ka sayo tokumbo daga Amurka, ka je tashar da aka kafa da bakin Turai, sai ka tsaya kana kallonta tana kallonka in ba ka da mahaɗi. Sannan kowa ya san yawancin tokumbonmu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci suke fitowa. Motar fetur da ruwa ya shiga, bakanike zai wanke ya tayar. Batirin da ruwan gishiri ya ratsa kuwa yana iya kamawa da wuta daga baya, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar Ian a 2022. Garantin batir da kamfanoni ke bayarwa, galibi shekara 8, ba ya bin motar gwanjo zuwa Apapa. Kayan Toyota ko cikin dare ka shiga Ladipo ka samu. Wa zai buɗe maka batiri mai ƙarfin bolt 800 a Zariya?

Wanda ya matsu sai ya ɗanɗana lantarki, ya duba masu ƙafa biyu, irin Li L9 ko BYD Tang samfurin DM-i. Ana yi musu caji a gida su yi zirga-zirgar gari da batir, idan hanya ta yi nisa injin fetur ya karɓa. L9 na yin kusan kilomita 200 a takarda da batir kaɗai, kujerunta shida. Su ma da nasu ciwon kan, don kayan gyara sai an yi oda, kuma wasu sukan zo da manhajar da aka tsara wa kasuwar China. Duk da haka ba za su kwana da iyalinka a daji ba.

Matsayinmu ke nan: gidan da mota ɗaya ce tak, haibirid ya saya. Jif ɗin lantarki zalla ta dace da mai gidan kansa, mai wutar Band A ko sola wadatacciya, wanda kuma yake da wata motar da zai yi Arewa da ita. Shi ma ya saya a hannun wakilin kamfani da ke nan ƙasar, da garanti a rubuce, ya sa a auna lafiyar batirin a gabansa. Duk dillalin da ya ce masa za ta kai shi Kano, ya ce ya lissafo garuruwan da za a tsaya caji ɗaya bayan ɗaya, sannan su shiga motar tare ranar Asabar su je Lokoja su dawo.