A Karanta Kafin A Yanke Hukunci

Jama'ar zango, da yawa daga dattawanmu suna yabon Magana Jari Ce da Shaihu Umar, suna kushe littattafan Kano wai soyayya ce zalla, alhali ba su taɓa buɗe su ba. Malamai sun koya mana cewa shaida sai da gani. Duk wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zai iske Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara, irin ƙarar da ake kawowa fadar sarkin zango. 'Ya'yanmu suna jin Hausa, amma karatunsu na wani harshe ne. In muka hana su sabon littafi, me zai kai su ga Abubakar Imam? Mu karanta tare da su, sannan mu auna.