Sharhi: Muhimmancin Tura Ma'aikata Karo Ilimin Halayyar Ma'aikata Da Ma'aikatu

A watan Yuli na shekarar 2024 an yi wasu al'amura guda biyu da suka shafi kowane ma'aikacin ƙaramar hukuma a ƙasar nan, suka kuma shafi talakan da ke jiran aikinsa a karkara. Ranar 11 ga watan, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Kafin watan ya ƙare kuma, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokar da ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000.

Tun daga lokacin, maganar kuɗi ce ta mamaye majalisun hira da ofisoshi. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta fi damun mutumin ƙauye: shin ƙarin kuɗi kaɗai zai sa malamin asibiti ya zauna a bakin aikinsa, malamin gona ya riƙa shiga gonaki, mai karɓar harajin kasuwa ya kai abin da ya karɓa baitulmali? Akwai wani fannin ilimi da aka keɓe don amsa irin waɗannan tambayoyi, shi ne ilimin halayyar ma'aikata da ma'aikatu, wanda ake zurfafa karatunsa a matakin digiri na biyu da na digirgir. Ra'ayin wannan sharhi shi ne lokaci ya yi da hukumominmu za su ware wasu jami'ai su tura su wannan karatu, su kuma ajiye su a inda za su yi amfani da shi idan sun dawo.

Da yawa daga cikin jama'a, da zarar sun ji an ambaci ilimin halayyar ɗan Adam, sai hankalinsu ya tafi ga masu taɓin hankali. Wannan reshe ne guda kawai. Reshen da muke magana a kansa yana nazarin mutum lafiyayye a wurin aikinsa: yadda za a zaɓe shi, yadda za a horar da shi, yadda za a auna ƙwazonsa bisa adalci, abin da ke ƙara masa himma da abin da ke kashe masa gwiwa, da kuma yadda shugaba zai tafiyar da na ƙasa da shi.

Fannin ya haura shekaru 100 da kafuwa. A shekarar 1913 Hugo Munsterberg, wani Bajamushe mai koyarwa a Jami'ar Harvard, ya wallafa littafi a kan yadda za a yi amfani da ilimin halayya wajen inganta aiki a masana'antu. A shekarar 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, masana suka tsara jarrabawar tantance sojoji iri biyu, ɗaya ta masu iya karatu, ɗaya kuma ta zane da hotuna domin waɗanda ba su iya karatu ba ko ba sa jin Turanci. An gwada mutum fiye da miliyan 1.5 da su. Daga 1924 zuwa 1932 kuma aka gudanar da bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Shikago. An fara ne da neman sanin ko hasken fitila yana ƙara yawan aiki, amma aka ƙare da fahimtar cewa kulawar shugabanni da zamantakewar ma'aikata a tsakaninsu suna da tasiri matuƙa. Duk da cewa masana na baya sun soki yadda aka fassara wasu alƙaluman binciken, shi ne ya buɗe ƙofar kallon ma'aikaci a matsayin mutum mai zuciya.

Wani bincike da ya dace da halin da muke ciki shi ne na Frederick Herzberg da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 1959 bayan tattaunawa da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Sun raba abubuwan da ke shafar ma'aikaci gida biyu. Albashi da yanayin ofis da dokokin ma'aikata, idan suka lalace, suna haifar da ƙorafi, gyara su kuwa yana kawar da ƙorafin. Ita kuwa himma ta haƙiƙa, a ganinsu, tana fitowa ne daga yaba wa mutum, da ɗora masa amana, da ganin sakamakon aikinsa, da fatan samun ci gaba. Ba dukkan masana ne suka yarda da wannan rabe-rabe ba, amma duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa.

Tarihin ƙasarmu ma shaida ne. Kwamitin Jerome Udoji, wanda aka kafa a 1972 ya kuma miƙa rahotonsa a 1974, ya ba da shawarar a riƙa tafiyar da aikin gwamnati bisa auna sakamako. Amma abin da dattawa suka fi tunawa a yau shi ne ƙarin albashin da ake kira "Udoji", da sayayyar da aka yi da kuɗin. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta sallami ma'aikata kusan 10,000 domin tsabtace aiki. A 2004 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin SERVICOM domin kyautata yadda ma'aikatu ke yi wa jama'a hidima. An gwada ƙarin kuɗi, an gwada kora, an gwada alƙawari, kuma kowanne ya yi nasa amfanin. Abin da har yanzu ya yi ƙaranci, musamman a ƙananan hukumomi, shi ne ƙwararrun da za su zauna a cikin ma'aikata suna binciken dalilan da ke sa aiki ya tafi ko ya tsaya.

Ba sai an fita waje ba kafin a sami wannan ilimi. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen ilimin halayyar ɗan Adam a 1964, daga baya jami'o'i irin su Legas da Ibadan da Jos suka bi sahu, kuma ana yin karatun gaba da digiri na farko a waɗannan sassa. Galibi ana neman mai digiri na farko da sakamako mai kyau, tare da takardar kammala yi wa ƙasa hidima, kuma digiri na biyu kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ɗalibi zai koyi lissafin ƙididdiga, da dabarun tsara jarrabawa da gwada sahihancinta, da fayyace ayyukan kowane muƙami, da tsara horo, da sasanta rikici tsakanin ma'aikata da hukuma. A ƙarshe zai rubuta kundin bincike a kan wata matsala ta zahiri. Ya kamata mai niyya ya sani tun farko cewa karatun yana da lissafi sosai, domin aunawa ita ce ƙashin bayansa.

To, mene ne amfanin mai wannan digiri ga mutumin karkara? A ɗauki batun ɗaukar aiki. A wurare da dama, ganawa da mai neman aiki ba ta wuce gaisuwa da tambayar ɗan gidan wane ne ba. Masana sun daɗe suna nuna cewa ganawar da aka tsara, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya da suka shafi aikin, ana kuma ba da maki bisa ma'auni ɗaya, ta fi gano wanda zai iya aiki. A 2022 Farfesa Paul Sackett na Jami'ar Minnesota da abokansa sun sake nazarin binciken shekaru masu yawa, suka sami irin wannan ganawa a sahun gaba cikin hanyoyin zaɓen ma'aikata. Wannan hanya ba ta bukatar na'ura mai tsada; takarda da alƙalami da gaskiya sun wadatar.

Haka nan batun guje wa aiki a ƙauye. Idan ungozoma ko malamin firamare ya ƙi zama inda aka tura shi, abin da aka saba shi ne takardar tuhuma ko tsayar da albashi. Ƙwararre zai fara da bincike: shin akwai masauki? Shin akwai kayan aiki? Yaushe rabon mai duba aiki ya ziyarci wurin? Shin ma'aikata suna ɗaukar turawa karkara a matsayin horo ga marasa uwa a gindin murhu? Amsoshin su ne za su nuna wanda ya cancanci ladabtarwa da wanda tsarin ne ya zalunta. Sannan ga fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara, wanda sau da yawa ake cike wa kowa da yabo iri ɗaya, har mai himma ya rasa bambancinsa da malalaci. Ga kuma lafiyar zuciyar ma'aikaci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara a duniya saboda baƙin ciki da fargaba.

Duk da haka, wajibi ne a yi hattara. Yawancin jarrabawowi da ma'aunan wannan fanni an tsara su ne a Amurka da Turai, kuma ba daidai ba ne a ɗauko su a auna ma'aikacinmu ba tare da an daidaita su da harshenmu da al'adunmu ba. Kunya da kawaici da girmama na gaba suna sa ma'aikaci ya ce "babu komai" alhali akwai komai. Wannan ma dalili ne da ya sa 'ya'yanmu ne suka fi cancanta su yi karatun. Har ila yau, babu ilimin da zai maye gurbin biyan albashi a kan kari, kuma babu ƙwararren da zai yi tasiri idan alfarma ta fi ƙarfin doka.

Saboda haka, muna kira ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi da shugabannin majalisu da daraktocin kula da ma'aikata da su sanya wannan fanni cikin jerin kwasa-kwasan da ake kashe wa kuɗin horo, kafaɗa da kafaɗa da kwasa-kwasan mulki da aka daɗe ana yi a Kongo, Zariya, da Kwalejin ASCON da ke Badagry. A zaɓi waɗanda za a tura bisa cancanta, a sa su rattaba hannu cewa za su dawo su yi aiki na wasu shekaru, a kuma bukaci su yi bincikensu a kan matsalolin ma'aikatunmu. Idan sun dawo, a ajiye su a sashen kula da ma'aikata, kada a jefa su inda ilimin zai ruɓe.

Su ma hakimai da dagatai da masu unguwanni da kwamitocin raya ƙauyuka suna da rawar takawa, domin su ne suka san ranar da aka buɗe asibiti da ranar da aka bar shi a kulle, kuma bayanansu su ne abin da mai bincike zai dogara da shi. Iyaye kuma su ƙarfafa wa 'ya'yansu masu digiri gwiwa su nemi wannan fanni, domin bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ma suna bukatar masu shi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kuma sanya albarka a cikin aikin ma'aikatanmu, amin.