Jirgin da Ake Kawowa Cikin Akwati

Makon nan maganar jirgin sama na kawo mana, ɗan ƙarami, irin wanda ake saye a warwatse cikin akwati, mutum ya haɗa abinsa da hannu.

A nan Ghana ma an yi. A filin jirgi na Kpong, kusa da kogin Volta, an haɗa samfurin da ake kira Zenith CH 701. Injiniya Chris Heintz ne ya zana shi a Kanada, ya fara tashi a 1986. Kujera biyu gare shi. Jikinsa falankin alminiyam ne da aka ɗinke da dubban ƙusoshin ribit. Yawanci ana sa masa inji Rotax 912 mai ƙarfin doki 80, kuma fetur ɗin mota mai kyau yake sha.

An zana shi ne don gajeren fili. A gaban kowane fiffike akwai siririn falanki da ya bar 'yar kafa. Iska na bi ta kafar nan ta kwanta a saman fiffiken, shi ya sa jirgin ke riƙe kansa a sama ko gudunsa ya sauko kusan kilomita 50 a awa. Gudun da yake yi a ƙasa kafin ya ɗaga bai kai rabin filin ƙwallo ba. Sai dai ba a gudu ana susar takashi: falankin nan na tare iska, don haka tafiyarsa ba ta wuce wajen kilomita 130 a awa ba.

To, 'yan kasuwa, ga namu lissafin. Jirgin fanko kilo 260 ne ko kusa da haka, kuma duka-duka ba a yarda ya wuce kilo 500 ba. Saura 240. Cire mutum biyu masu kilo 75, cire fetur wajen kilo 55. Abin da ya rage bai kai buhun siminti ɗaya ba! Mu da muka saba lafta wa motokin kaya a Aboabo har taya ta kwanta, mu ce Allah ya kiyaye, a nan babu wannan. Ka ƙara lodi, filin ya ƙare ba ka ɗaga ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, yaranmu ne. Kayan aikin haɗa jirgin nan ba baƙi ba ne a Nyohini: almakashin yankan kwano, injin huda, zarto, abin matse ribit. Masu ƙera akwatin ƙarfe da fitoci duk sun san su. Inda aka bambanta shi ne karatun zane da awo. Rami ya kauce kaɗan, falankin ya tashi aiki. Kuma ko ka gama, sai hukumar jiragen sama ta duba ta yarda kafin ka tashi.

Patricia Mawuli ta je Kpong neman aiki a 2007, aka sa ta tumɓuke kututture a filin. A 2009 ta samu lasin tuƙin jirgi, ta kuma iya haɗa shi da gyaran injinsa. A Kaduna ma an haɗa jirage 60 masu suna Air Beetle daga kayan Van's RV-6A, sojojin saman Najeriya suka riƙa koyon tuƙi da su.

Don haka Alhaji, Hajiya, in kun ga yaro na yanka gwangwanin madara yana ƙera mota ko jirgi, kada a ce ɓarna yake yi. Kuma kada a cire shi daga makaranta don a kai shi gareji. A haɗa masa biyun, mace ko namiji: safe aji, yamma wajen maigidansa. Hannu muna da shi, lissafin ne a makaranta.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa.