A bi sawun icce kamar yadda ake bin sawun saniya

Ɗan'uwa manomi, in an kwance maka saniya da dare, me kake yi da gari ya waye? Ba ka zama ka ce dabba ta Allah ce. Kana tara mutane a bi sawu. In sawu ya shiga wani gari, mai garin zai fitar da shi ko ya amsa tambaya. In an kai ta kasuwa, dillalin kirki ba ya karɓar igiya sai ya san mai ita, don ya san ranar da aka zo cigiya shi za a fara riƙewa. Wannan tsari babu wanda ya kawo mana shi daga waje. Mun tashi mun tarar da shi.

To, don me in kamiyo ya fito daga dajin garinku shaƙe da icce babu mai tambaya? Wa ya sare shi? A ina? Wa ya ba da izini? Nawa aka biya, kuma hannun wa kuɗin suka shiga?

Na san amsar da ake bayarwa, ina jin ta a kasuwa da bakin masallaci. Ana cewa daji na Allah ne, ba wanda ya shuka shi, takardar icce kuwa hanyar cin kuɗin talaka ce. Ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗa maka dalili. Daji na Allah ne, gaskiya. Saniyar ma ta Allah ce, geron da ke cikin rumbunka ma nasa ne. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar ƙofar rumbu a buɗe saboda haka ba.

Masu ƙin takarda suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ba zan ɓoye ta ba. A 1935 Turawan mulkin mallaka suka yi doka wadda ta sa daji a hannun hukuma. Bayan mun samu ƴancin kai, dokar daji ta 1974 ba ta kauce wa wannan hanya sosai ba. A wancan zamani ɗan kasuwa yana yankar takardar sara a birni, ya zo da masu gatarinsa, ya cika mota a bayan garinku, ya wuce. Ku ko dala ba ku gani. Amma in matarka ta sassare reshen gawo, ana iya cin ta tara. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya tsani takarda, ba a ga laifinsa ba. Sai dai waccan takarda daban, wadda nake magana a kanta daban, kuma masu amfana da duhu suna so ka ɗauka duk ɗaya ne.

Ga abin da ya canja. A watan Agusta na 1992 gwamnatin Nijar ta yi doka mai lamba 92-037, wadda ta kafa kasuwannin icce na karkara. Kafin nan an gwada ba mutanen ƙauye riƙon daji a Gesalbodi, kusa da Yamai. Akwai irin waɗannan kasuwanni a dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana shata wa gari dajinsa. Ana ƙayyade yawan iccen da za a fitar a shekara. Mutanen gari ne ke sara, su jera iccen a kasuwarsu, a auna shi da ma'aunin da ake kira siter, wato jeri mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. Mai mota ya zo ya saya, ya biya haraji nan take a hannun wanda gari ya zaɓa. Shi kuma ya yanka masa takardar ɗauka, wadda ma'aikata ke kira kupon. Takardar ce ke nuna daga ina iccen ya fito da yawansa. Ita direba zai nuna a shingen ƴan gandun daji kafin ya shiga birni.

Ka ga sawu ke nan: daga kututture zuwa kasuwar gari, daga kasuwa zuwa shinge, daga shinge zuwa murhun mai tuwo.

Yanzu ka saurari maganar kuɗi, don nan ne abin ya shafe ka kai tsaye. Bisa rabon da aka tsara a lokacin, in kasuwa tana da cikakken tsari, an raba dajin yanki-yanki ana sara ana hutar da shi, to cikin kowace dala 100 ta haraji dala 50 ta gari ce. In kasuwar ta shata daji kawai, ana ɗibar busasshen icce, gari yana da dala 30. In kuwa an sari iccen a inda babu kasuwa, harajin ya fi tsada, kuma gari ba shi da ko dala ɗaya. Rabon gari kuwa, wani kaso na gyaran daji ne, saura na bukatun jama'a, kamar gyaran rijiya ko rufin aji. Saboda haka motar da ta fita babu takarda ba gwamnati kaɗai ta cuta ba. Gugan rijiyarku ta ɗauka.

Kada ka ɗauka ina yabon takarda kamar laya ce. Dabarun cutar da ita sanannu ne. Ana loda siter 30 a rubuta 15. Ana yin tafiya biyu da takarda ɗaya. Ana saran icce a wani daji can, a samo masa takardar kasuwar da ba ta taɓa ganinsa ba. Ana bi ta bayan gari cikin dare don a kauce wa shinge, ko a miƙa hannu ta tagar mota a wuce. Ɗauki na farko ka yi lissafi da kanka, irin wanda muke yi a kan allo: in an ɓoye rabin kaya, an ɓoye rabin haraji, rabin rabon gari ya tafi. Kuma littafin kasuwa zai nuna saura da yawa a cikin adadin shekara, alhali daji ya riga ya ba da nasa. Shekara uku a haka, sai a ce wai tsarin ne bai yi ba.

Kuma kada mu ɗora komai a kan direba da ma'aikaci. Da ɗan gari akan ci gari. Baƙo bai san hanyar da ke zagaye shinge ba sai an nuna masa. Bai san inda manyan itatuwa suke ba sai an raka shi. Wanda ya raka shi ya karɓi jika biyu, ya sayar da abin da gari duka zai ci shekara da shekaru.

In kana so ka ga inda takardar ƙarya ke kai ƙasa, dubi labarin madobiya. Makiyaya sun san ta, ganyenta ke riƙe shanu a ƙarshen rani. Katakonta ja ne mai kyau, masu kuɗi a ƙasar Sin suna son kujeru da gadajen da aka yi da shi. Cikin ƴan shekaru aka bi ta da injin sara daga Gambiya da kudancin Senegal, zuwa Gana da Benin, har jihar Taraba a Nijeriya. Akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, sunanta CITES. A taronta na 2016 aka sa madobiya cikin itatuwan da ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar shaida, dokar ta fara aiki a farkon 2017. Sai me ya faru? A wannan shekara ta 2017 wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta ba da rahoto cewa gungume fiye da miliyan 1.4 daga Nijeriya, waɗanda aka tsare a tashoshin jiragen ruwa na Sin, an samo musu takardu kimanin 4,000 bayan sun riga sun bar ƙasa. Wato an yanka saniya, an ci nama, sannan aka je neman shaidar dillali. A 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiyar Nijeriya, a 2022 kuma aka tsayar da fitar da ita daga dukan ƙasashen da take tsirowa.

Wani zai ce, ka gani, ashe takarda banza ce. A'a. Abin da labarin ya nuna shi ne, takardar da ta fara daga tebur banza ce. Wadda ta fara daga kututture ita ce shaida. Kuma ko a nan, ƙidayar gungume da lambobin takardu ne suka tona asirin. Da babu dokar takarda, da babu ma abin da za a kama.

Mutanen Gana sun ɗauki doguwar hanya. A dazuzzukan da ake sarar katako, ana ƙirga itatuwa tun suna tsaye, a ba kowane lamba. In an kayar da shi, a rubuta lambar a kututture da jikin gungume, a shigar da ita kwamfuta. Ana duba ta a hanya, a duba a injin tsaga katako, a duba a bakin teku. In gungume ya bayyana da lambar da babu kututturenta, an san akwai magana. Sun ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Turai a 2009, cewa katakon da za su kai can sai mai shaidar halal. Ba su fara ba da wannan shaida ba sai 2025, shekara 16 ke nan, kuma su ne na farko a Afirka. Indunisiya ce ta riga su, a 2016. Aikin ba na kwana ɗaya ba ne. Amma ka lura da abin da suka gina da kuɗi masu yawa: bin sawu ne, irin wanda kakanka ya iya.

Mu a nan ba mu da manyan dazuzzukan katako. Katakon ƙofa da na benci daga ƙasashen kudu yake zo mana, kuma kafinta a Maraɗi ko Damagaram ba ya tambayar asalinsa. Amma muna da azara. Giginyar yankin Gaya, a Dallol Mawri, ta rufe ɗakuna da yawa a ƙasar nan, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa azara, gatari kuwa wuni ɗaya ya ishe shi. In za ka yi rufi, aka kawo maka azara da dare a kan kuɗin da kai ma ka san sun yi araha, ka san abin da kake saye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne itatuwan gona. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gonakinsu, suna sassabe da lura, suna gyara reshe. Masu bincike sun ƙiyasta an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba injin gwamnati ya yi wannan ba, hannunku ne. Dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan iccen da ya raya. Yanzu ka ce mini, mutumin da ya shekara goma yana tsaron gawo ko kalgo a gonarsa, ya wayi gari ya tarar da kututture, wa ya cuce shi? Mai gatari, i. Amma mai gatari bai sara ba sai da ya tabbata akwai mai saye wanda ba ya tambaya. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun yana hukunta mai saran gawo hukunci mai tsanani ƙwarai. Ba wannan nake nema ba. Mutanen Ɗan Saga, a yankin Agye, sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza da mata da makiyaya, suna zagaya gonaki, wanda aka kama ya biya. Wannan kowane gari yana iyawa.

Da can in direba ya miƙo takarda, mai gari yana juya ta a hannu ya mayar masa, ko da rasidin man fetur ce. Yau a garuruwa da yawa akwai mutum biyar ko goma da suka iya karanta lamba da kwanan wata. Takardar da faransanci take, na sani, amma 15 da 30 ba su da yare. Sunan garinku ma kun san kamanninsa a rubuce.

In garinku yana da kasuwar icce, ku nemi a kawo littafin kasuwa gaban jama'a, a karanta da ƙarfi siter nawa suka fita wannan wata, nawa aka karɓa, nawa ke cikin asusu. Mai riƙon amana ba zai ji haushi ba. Ranar lodi mutum biyu su tsaya, ɗaya yana ƙirga jeri, ɗaya yana duba abin da aka rubuta, su kuma ajiye lambar mota da kwanan wata a nasu littafi. In babu kasuwa a garinku amma motoci suna fita da icce, ku tafi da mai gari wurin magajin gari da ofishin gandun daji, ku tambayi yadda ake kafa ta. Ku tafi da littafin da kuka rubuta motocin a ciki.