Filin Iyali: Baƙin Tafkin Nokoué Na Haramar Tafiya



Hunturu ya wuce, watan Maris ya kama, iskar teku ta fara kaɗawa da ƙarfi bayan azahar. A irin wannan lokaci ne baƙin tsuntsayen da suka yi watanni a Tafkin Nokoué suke haramar komawa Turai. Mu mutanen Godomey tafkin nan maƙwabcinmu ne, amma da yawanmu kifinsa kaɗai muka sani.

Tun shekarar 2000 aka sa shi cikin wuraren ruwa da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta ce a kiyaye. Mai son ganin tsuntsayensa ya fita bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, ya nufi mashigar kwale-kwalen Ganvié da ke Abomey-Calavi. A kan rassan da masunta suke kafawa cikin ruwa don tara kifi, waɗanda ake kira akaja, zai tarar da balbela da zalɓe sun yi tsit suna dako, shirwa kuwa tana shawagi a sama. In iska ta riga ka isa, sai ka ba ta baya. Tsuntsu in ya sauka iska yake fuskanta, don kada ta birkita masa gashi, ka ga kenan za ku yi ido huɗu.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce tsattsewa. Nauyinta kamar giram 20 ne, amma da wannan ɗan jiki za ta ƙetare hamadar Sahara da Bahar Rum. Duk wanda ya bi ta da kallo tana yanka iska, aya ta 19 ta Suratul Mulk za ta faɗo masa a rai.

To, wannan baƙuwa da ire-irenta su ne yaranmu suke bi da danƙo. Iyaye su sani, malamai sun hana kashe tsuntsu don wasa. Wanda dutsen danƙo ya buge kuma ya mutu kafin a yanka shi mushe ne, bisa aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, ko da yaro ya kawo shi gida yana murna.

Ranar da babu makaranta, uba ya karɓi danƙon, ya ba yaro littafi da biro, su tafi bakin ruwa tare. Tsuntsun da suka kasa sanin sunansa da Hausa, su kwatanta wa kaka shi idan sun dawo.